Wuƙaƙen da kake aikawa a Ingila: wa ya duba shekarun wanda ya karɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Bamingham, ina sayar da yajin tsire da kayan girki ta WhatsApp da TikTok. Bara na fara sayar da wuƙaƙen mahauta, ina saro ɗaya fam 7 in sayar fam 18, a wata nakan sayar da kamar 40. Ƙanin matata ne yake ɗaure kayan ya kai shagon aike, don ni aikin dare nake yi. Yanzu an ce mini dole in koma aiken Royal Mail, gidan wayar Birtaniya, mai tantance shekaru, wanda zai ƙara mini kamar fam 3 a kan kowane ƙunshi. Ina so in saro guda 1,000 kafin Babbar Sallah, har da adduna. Yaya zan rage kuɗin aike?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Fam 3 ba ita ce damuwarka ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne da ka ce ƙanin maiɗakinka yake ɗaure kaya ya kai. Wane aike yake amfani da shi? Me yake rubutawa a bayan kwalin? Wa ya miƙa hannu ya karɓa a can? Idan yau aka ƙwanƙwasa maka ƙofa aka ce kawo shaidar cewa wuƙar da ka aika watan jiya hannun baligi ta shiga, me za ka ɗauko? Wasiƙarka ta nuna ba ka da amsar ko ɗaya, alhali ka kusa shekara kana sayarwa.

A Ingila sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18 wuƙa laifi ne, kuma mai sayarwa ake kamawa. Dokar makamai ta 2019, wadda sassanta na sayarwa daga nesa suka fara aiki a Afrilun 2022, ta ɗaure irin sana'arka tamau. Tana son ka tantance shekarun mai saye kafin ka karɓi kuɗi, ka rubuta ɓaro-ɓaro a jikin kwali cewa akwai abu mai kaifi a ciki kuma baligi kaɗai za a damƙa wa, ka tabbatar haka aka yi a bakin ƙofa, sannan kada a ajiye kayan a akwatunan ƙarfen nan na bakin shaguna da mai kaya ke buɗewa da lamba. Zuwa 2025 hukuncin ya kai wata shida a gidan yari ko tarar da ba ta da iyaka, kuma a 2025 gwamnati ta kai wa majalisa ƙudurin mayar da shi shekara biyu. Abin da zai cece ka a kotu ɗaya ne: ka nuna ka yi duk abin da ya kamata mai hankali ya yi. Alƙali kuwa takarda zai nema ya gani.

Shi wannan yaro ban ce macuci ba ne. Mai yiwuwa ma taimakonka yake yi tsakani da Allah, ya ga aike mai araha ya ce bari ya rage wa Yaya kashe kuɗi, ya rubuta “kayan kicin” ya wuce. Wahalar sa ɗan'uwa a aiki ita ce kunya. Ma'aikacin da kake biya za ka ce masa kawo rasit, ya kawo. Ƙanin matarka kuwa sai ka ji nauyin tambaya, kada magana ta koma gida a ce ka zarge shi. Da haka wata ya bi wata babu wanda ya duba komai.

Wani mai sayar da tukwane da wuƙaƙe a arewacin Ingila ya taɓa zuwa wurina da wasiƙa a hannu, jikinsa duk ya yi sanyi. Jami'an ƙaramar hukuma masu sa ido kan kasuwanci, Trading Standards, sun gwada shi. Haka suke yi, su sa yaro ya yi odar wuƙa su zuba ido. An turo ƙunshin ta kafar wasiƙu ta jikin ƙofa, ya faɗo a kan tabarmar shiga, babu wanda ya tambayi kowa komai. Da suka kira shi suka ce ina tsarinka a rubuce, ina shaidar ka koya wa mai ɗaure kayanka ƙa'ida, sai ya ce ɗan yayarsa ne ke kula da wannan ɓangaren. Sunan ɗan yayar bai fito a takardar sammaci ba. Tara da kuɗin lauya suka cinye ribar shekarar, yau tukwane kaɗai yake sayarwa.

Kada kuma ka ɗauka za a sassauta. A 2022 aka kashe Ronan Kanda, ɗan shekara 16, a Wolverhampton, nan kusa da kai, da takobin da wani yaro ya saya ta intanet da shaidar mahaifiyarsa. A Yulin 2024 wani ɗan shekara 17 ya kashe yara mata uku a Southport da wuƙar girkin da ya saya ta intanet. Bayan waɗannan, babu jami'in da zai saurari “ai ban sani ba”.

Aiken da aka faɗa maka shi ne hanya. Tun 2024 Royal Mail ba ta ɗaukar wuƙa sai ta aikenta mai tantance shekaru, ta intanet ake sayensa a shafinta na Click & Drop, kuma ba ta kai wuƙa ƙasar waje. Mai kai saƙon zai nemi fasfo ko lasisin tuƙi idan ya ga mai karɓa bai yi kama da wanda ya kai shekara 25 ba. Ba ya bar wa maƙwabci, ba ya ajiyewa a bayan tukunyar fulawa. Amma wannan rabin aikin ne kawai. Rabin farko naka ne tun kafin ciniki ya faɗa, kuma mutum ya rubuto maka a WhatsApp cewa “ni babba ne” ba tantancewa ba ce. Ka ga shaida da idonka, ko ka yi rajista da kamfanin da ke tantance shekaru ta intanet. Ka buɗe littafi: rana, sunan mai saye, irin shaidar da aka duba, lambar bin sawun ƙunshi. Wuƙar kuma ka yi mata kube da kwali mai kauri, ka naɗe tsinin da tef, ka cusa takarda har ta daina motsi in an girgiza, don akwai hannayen mutane da yawa tsakaninka da mai saye.

Lissafin ba shi da wuya. Ribarka fam 11 ce a kan kowace wuƙa. Cire fam 3, cire kamar fam 1 na kwali da tef, saura fam 7. In ka ga dama ka mayar da farashin fam 21, mai gasa nama da ke neman wuƙar kirki ba zai fasa ba. Duk abin da kake gudu bai wuce fam 120 a wata ba. Garin neman gira kada a rasa ido.

Guda 1,000 kuwa, haba Malam. Fam 7,000 ke nan za ka kwantar a ɗaki. A yadda kake sayarwa, kayan shekara biyu ne da ɗoriya, kuma Sallah kwana uku ce. A Ingila ma a mayanka mai lasisi ake yanka layya, gida sai dai gyaran nama, saboda haka buƙatar ba irin ta Kano ko Maraɗi ba ce. Saro 100, in sun ƙare ka ƙara. Adduna ka cire su daga zancen gaba ɗaya. Tun 24 ga Satumban 2024 aka haramta wani nau'i, masu tsawon da ya wuce inci 8 da haƙoran zarto ko huje-huje a jiki, kuma mutumin da bai san me ake rubutawa a kwalinsa ba bai isa ya tsaya bambance mai halal da haramtacciya ba.

Daga yau kada wuƙa ko ɗaya ta sake fita. Ka kira ƙanin naka ka ce ya kawo duk rasit ɗin da ke hannunsa da na cikin wayarsa, ku zauna ku haɗa su da ododin da ke WhatsApp ɗinka. Ya ci gaba da aika yaji da cokula. Asusun aiken wuƙa da sunanka za a buɗe shi, kai za ka buga takardar ka manna, ko da ƙarfe bakwai na safe ne ka dawo daga aiki.