Me Ya Sa Nauyi Ba Ya Canza Saurin Lilo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar sakandare ce daga Bolari, Gombe. A darasin fiziks mun rataye ƙwallon ƙarfe a zare muna ƙirga lilonsa. Da muka sa wanda ya fi shi nauyi, lokacin bai canza ba. Ko kuskure muka yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Babu kuskuren da kuka yi, haka abin yake, kuma na ji daɗi da kika lura.

Gaskiya ne ƙasa ta fi jan abu mai nauyi. Amma mai nauyin ya fi wuyar motsawa, kamar yadda turin baro cike da buhun masara ya fi turin wanda ba kaya. Ƙarin jan da ƙarin wuyar motsin daidai suke, sai su kashe juna. Abin da ya rage shi ne tsawon zare da ƙarfin jan ƙasa:

T = 2π√(L/g)

T lokacin zuwa da dawowa sau ɗaya ne, L tsawon zare, g kuma ƙarfin jan ƙasa, kusan 9.8. Duba da kyau, nauyi ba ya ciki. Zare mai mita 1 zai ba ki kusan sakan 2, mai santimita 25 kuma sakan 1. Wato sai kin ninka tsawo sau huɗu kafin lokaci ya ninku sau biyu. A nan ɗalibai da yawa ke tuntuɓe.

Roƙona gare ki, ki auna tsawon daga maratayi zuwa tsakiyar ƙwallon, ba inda kika ƙulla zaren ba. Kada kuma ki ja shi gefe da nisa, ki tsaya ƙasa da digiri 10, don lissafin na ƙaramin lilo ne. Ki auna lokacin lilo 20 ki raba da 20, ya fi auna guda ɗaya inganci.

Da wannan ka'ida Christiaan Huygens, mutumin Holan, ya ƙera agogo mai lilo a 1656. In akwai irinsa a bangon gidan kakanki, ki sa masa ido lokacin bazara. Zafi na miƙar da sandar ƙarfen da ke lilo a cikinsa, agogon ya riƙa lattin kusan sakan 5 a rana in zafi ya ƙaru da digiri 10. Maganinsa shi ne a murɗa noti ɗin da ke ƙasan faifan da ke ƙarshen sandar a ɗaga shi kaɗan.