Zafin bazara a birni: daga ina kwamitin unguwa zai fara?

Tambaya: Ni mamba ne a kwamitin ci gaban unguwarmu. Duk shekara idan zafi ya tsananta, tsofaffi da yara suna kwantawa ciwo, alhali unguwar da ke kusa da mu ba ta wahala haka. Kuɗinmu kaɗan ne, wasu na cewa mu zuba su a dashen bishiyoyi. Me za mu fara yi?

Amsa: Malam, bambancin da ka lura da shi gaskiya ne. Kwalta da siminti suna shan rana yini guda, sai bayan rana ta faɗi su riƙa amayar da zafin. Ka dafa bangon ɗaki da ƙarfe goma na dare, za ka ji shi da ɗumi. Inda gidaje suka cunkushe, babu inuwa, babu mashigar iska, dare ba ya hucewa, kuma a nan haɗarin yake. Jiki kan jure zafin rana in ya samu sanyin dare ya huta. Idan aka yi kwanaki a jere babu wannan hutun, zuciya da ƙoda ne ke galabaita, musamman ga tsoho, jariri, mai hawan jini da mai ciwon suga.

Shawarata ita ce ku fara da sanin mutanenku kafin ku sayi dashe ko ɗaya. A watan Yulin 1995 zafi ya kashe mutum fiye da 700 a Chicago ta Amurka cikin kusan mako guda. Da yawansu tsofaffi ne masu zama su kaɗai, wasu sun garƙame tagogi don tsoron ɓarayi, babu mai leƙa su. Faransa ta rasa kusan mutum 15,000 a Agustan 2003, bayan nan aka ɗora wa hukumomin garuruwa ajiye rajistar tsofaffi da naƙasassu domin a riƙa tuntuɓarsu idan zafi ya yi tsanani. Wannan aiki ba ya cin kuɗi. Littafi ɗaya ya isa: wane ne ke kwana shi kaɗai, wane ɗaki ne ba shi da taga, wa zai ƙwanƙwasa masa ƙofa safe da yamma.

Sai rufi. Bayan zafin Mayun 2010 ya jawo mutuwar mutum sama da 1,300 a Ahmedabad ta Indiya, birnin ya fito da tsarin tunkarar zafi a 2013: gargaɗi tun kafin ranar ta zo, horar da ma'aikatan lafiya, wuraren shan ruwa, daga baya kuma shafa wa rufin gidaje farin fenti ko farar ƙasa. Farin rufi yana mayar da hasken rana, kuma a ranar da aka shafa ake fara jin sauƙi. Ku fara da gidajen da ke cikin littafin nan.

Bishiya kam a dasa, amma sai ta yi shekaru kafin a zauna a inuwarta, kuma dashe da yawa kan mutu saboda an yi biki an watse babu mai ban ruwa. Ku zaɓi tashar mota, harabar makaranta da bakin asibiti, ku kuma rubuta sunan wanda zai shayar da kowace bishiya har ta kama ƙasa.