Ga sabon faston da baiko ke kwana a ɗakinsa

Salama a gare ka, ɗan'uwa Fasto. Ka ce an tura ka wata ikkilisiyar ECWA ta ƙauye mai mutum kamar 150, ka tarar al'adar wurin ita ce a kawo baikon Lahadi, wato kuɗin da jama'a suka bayar a sujada, gidan fasto ya kwana, mata kuma suna zuwa neman shawara bayan faɗuwar rana, wasu har saƙo suke turowa ta WhatsApp da tsakar dare, kana tambayar yadda za ka tsare kanka ba tare da jama'a sun ce kana gudunsu ba. 'Yan'uwa da dama sun ce ka dage da addu'a da azumi, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai a cikin bayin Allah da suka yi tuntuɓe akwai masu addu'a sosai. Abin da suka rasa shi ne ido na biyu a kan jakar kuɗi da kuma ƙofar ɗaki. Wannan idon tun yanzu ake kafa shi, tun zuciyarka tana lafiya.

Fara da kuɗi, domin shi ne ya riga ya shigo gidanka. Kada baiko ya sake kwana a wurinka, ko na dare ɗaya. Da an tashi sujada a ƙirga shi nan take a cikin majami'a, mutum uku a zaune: ma'aji, magatakardan kuɗi, da wani na uku da ake sauyawa kowane wata. Kada biyu daga cikinsu su zama 'yan gida ɗaya. A rubuta a littafi kwanan wata, da kowane iri a layinsa, wato baiko, zakka, godiya, kuɗin gini. A kuma rubuta adadin takardun: 'yan dubu guda nawa, 'yan ɗari biyar guda nawa, 'yan ɗari biyu guda nawa. Wannan ƙaramin aikin shi ke kama kuskure, domin jimla kaɗai ana iya gyara ta da biro, amma gyara layi biyar sai hannu ya nuna. Su ukun su sa hannu, kai kuma ka duba littafin ka sa naka, ba tare da ka taɓa kuɗin ba. Ran Litinin a kai banki. In banki ya yi nisa, a tura ta wurin mai POS zuwa asusun ikkilisiya, a manna rasit ɗin a shafin ranar, a kuma kwafe lambarsa da biro, domin rubutun irin wannan takarda yana gogewa cikin 'yan watanni.

Asusun ya kasance da sunan ikkilisiya, masu sa hannu uku, kuɗi ba ya fita sai da biyu, saƙon banki kuma ya riƙa shiga wayoyi biyu. In wani ɗan garin da ke aiki a Abuja ya ce zai turo gudummawar gini ta asusunka, ba shi lambar ikkilisiya. Ranar da kuɗin gini ya gauraya da kuɗin cefanenka, ko kai kanka ba za ka iya rabe su ba. Haka ma baikon kaka: a ƙirga buhunan masara da dawa a gaban jama'a, abin da bai cika buhu ba a auna da mudu, a sa kwaɗo biyu a ƙofar sito, makullan a hannun mutum biyu.

Wannan tsari yana cikin Littafi Mai Tsarki. A 2 Sarakuna 12, Yehoyada firist ya huda murfin akwati ya ajiye kusa da bagade, in ya cika sai magatakardan sarki da babban firist su zo tare su ƙirga. A 2 Korantiyawa 8 Bulus ya haɗa Titus da 'yan'uwa biyu a kan gudummawar tsarkaka, ɗayansu ma ikkilisiyoyi ne suka zaɓe shi, don kada kowa ya sami abin zargi. In manzo ya nemi masu shaida, mu su wa?

Ka lura da yadda ɓarnar take farawa, domin da wuya ta fara da niyyar sata. Albashi ya makara, yaro ya kwanta da zazzaɓi, ga baiko a ƙarƙashin katifa. Mutum ya zari dubu biyar da nufin mayarwa ƙarshen wata. Wata ya ƙare, kuɗin makaranta ya taso. Kafin shekara ta zagayo abin ya kai yawan da kunya ba za ta bari a faɗa ba, daga nan sai a soma gyara littafi, sai a soma jin haushin duk dattijon da ya nemi rahoto. Maganinsa shi ne dattawa su buɗe ƙofar rance ta gaskiya: fasto ya rubuta takarda, kada ya wuce rabin albashin wata, a cire cikin wata uku. Kowane wata uku kuma a karanta wa jama'a abin da ya shigo da abin da ya fita, har da kason da aka aika wa DCC, wato majalisar ikkilisiyoyin gunduma.

Sai batun mata. Ka sanar daga bagade cewa lokacin ganin fasto, misali, Talata da Alhamis ne, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 1 na rana, ga kowa da kowa, maza da mata, don kada wata ta ɗauka da ita ake. Ka zauna inda ake ganinku amma ba a jin maganarku: benci biyu a gindin bishiyar gaban majami'a ya fi ofis mai labule. Zama kada ya wuce minti 45. In matsalar mace ɗaya ta kai zama uku, ka shigo da matarka ko shugabar Zumuntar Mata, da yardar mai matsalar. Titus 2 ya riga ya ba tsofaffin mata aikin koyar da ƙanana, kuma akwai zancen da suka fi ka iya ji. Ziyarar gwauruwa ko matar da mijinta ya yi tafiya, ka tafi da dattijo. 'Yan matan ƙungiyar mawaƙa da yaran makarantar Lahadi, kada a taɓa samunka kai kaɗai da ɗayansu a ɗaki.

Waya ta fi ƙofa haɗari, don ba ta da maƙwabci. Bayan ƙarfe 9 na dare kada ka amsa saƙo sai na rashin lafiya ko rasuwa, sauran su jira safiya. Matarka ta san lambar buɗe wayarka. Alamun da za ka sa wa ido a kanka guda uku ne: ka fara ɗokin zuwan wata, ka fara ba ta labarin damuwar gidanka, ko ka ji kana son goge hirarku. Da ka ga ɗaya, ka miƙa ta ga wani a makon nan. Yawancin abin daga tausayi yake tasowa: ita mijinta ba ya sauraronta, kai kana sauraro, kai kuma a gida ana maka ƙorafin kuɗin cefane, ita tana ce maka wa'azinka ya taɓa ta. Da Sarki Dawuda ya hango wata mace tana wanka, ya aika a tambayo ko wace ce, aka ce masa matar Uriya ce, a nan ya kamata zancen ya mutu. Yusufu kuwa, da matar maigidansa ta neme shi, bai tsaya muhawara ba, rigarsa ya bari. Amma kada doka ta mai da kai dutse: in mace tana naƙuda kuma babur ɗinka ne kaɗai a garin, ɗauke ta zuwa asibiti, wata ta biyo ku.

A 1948, a garin Modesto na Kalifoniya a Amurka, mai wa'azin bishara Billy Graham da abokan aikinsa sun zauna sun lissafa abubuwan da ke kayar da masu bishara, suka ɗaure kansu a kan huɗu: kuɗi, mata, sukar fastocin gari, da ƙarin gishiri a yawan mahalarta. Na huɗun nan mu ma yana damunmu. In mutum 112 suka zo sujada, 112 za ka rubuta a rahoto. A sa mai tsaron ƙofa ya ƙirga maza, mata da yara dabam-dabam, domin wannan lissafin ne zai nuna maka in matasa sun fara janyewa.

Lafiyar ikkilisiya kuma tana lalacewa ne in fasto ya zama na ɓangare ɗaya, ko na ƙabila, ko na mai kuɗin da ya sayi kwanon rufi. A Ayyukan Manzanni 6, da aka yi gunaguni cewa ana ƙyale gwaurayen masu jin Helenanci wajen rabon abinci, an zaɓi mutum bakwai, dukansu masu sunayen Helenanci. Ka duba jerin dattawa da shugabannin ƙungiyoyi, ka ga wane gida ne babu muryarsa. Ka bi shawarar Yetro ga Musa a Fitowa 18, ka raba garin gida goma-goma, kowane rukuni da dattijon da zai san wa ya kwanta ciwo, wa ya yi Lahadi uku bai zo ba. Ɗan siyasa in ya kawo gudummawa, a shigar da ita littafi kamar ta kowa, a ba shi kujera, bagade kuwa na wa'azi ne.

Wajen sauya al'adar, ka taka a hankali, domin ma'ajin da ya yi shekaru yana kawo jaka gidan fasto zai iya ɗauka ana zarginsa. Ka same shi a gida tukuna, ka ce: "Baba, sunana da naka nake so mu tsare." Sa'an nan ka kawo maganar zaman dattawa, ka fara da dokokin da suka ɗaure ka kai kanka, a rubuta su a littafin taro, ka kai wa shugaban LCC, wato majalisar ikkilisiyoyin yankinku, kwafi. Ka kuma nemi wani Rabaran da ya girme ka, wanda ba a ƙarƙashinka yake ba, ku riƙa haɗuwa sau ɗaya a wata, ka ba shi izinin tambayarka kai tsaye game da kuɗi, waya da gidanka. In kuwa ka riga ka taɓa wani abu a cikin baikon nan, rubuta adadin yau, ka faɗa masa kafin Lahadi, ku tsara yadda za a mayar a gaban ma'aji.