Bulon ya karye a shasin tsohuwar Land Cruiser, ga tsatsa: ya zan yi?

Ɗan'uwa, ka ce kan bulon ya tsinke, guntun ya maƙale cikin shasi. Don Allah kada ka fara da huda shi. Ka jiƙa shi da gazuwal ya kwana, sannan mai walda ya ɗora noti a kan guntun, ya cika tsakiyarsa da walda. Zafin nan shi ke farfasa tsatsar da ta riƙe zaren bulon. In ya huce, a juya notin gaba kaɗan, baya kaɗan, ba da ƙarfi ba. Amma kafin a fara waldar a cire batir tukuna, a kuma duba inda tiyon mai ya bi.

Tsatsar ta fi damuna. Nan Tahoua ƙasa busasshiya ce, amma yashi na shiga ramukan shasi, da damina ya zama laka, ya ci ƙarfen ta ciki. Ka bi shasin da guduma, musamman wajen maƙalar sifirin. Inda ya yi ƙara garau, a kankare a shafa fenti. Inda ya lotsa kuwa, a yanke har a kai ƙarfe mai lafiya, a yi faci da mai kauri ɗaya. Kada ka yarda a toshe maka da mastik, wato ƙullun da ake cike lotsawar jikin mota da shi, wurin nan ke ɗauke da nauyin motar.