Filin Tambaya da Amsa: Kuskure kusan ɗaya, amma maki ya bambanta a SAT

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina neman bayani. Yarona ya rubuta SAT saboda yana neman gurbin karatu a Amurka, ya samu 1190, abokinsa da suka zauna rana ɗaya ya samu 1310, kuma da suka fito sun yi lissafi kusan tambayoyin da suka gagare su adadinsu ɗaya ne. Sannan wani ya ce masa in ka canki amsa ba daidai ba ana rage maka maki, shine ya bar wasu bai taɓa ba. Ni JAMB na sani, wannan ya ake makin ta? Daga wata uwa a Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya yi wa yaro albarka. Bari in fara da abin da ya fi min ciwo a wasiƙarki, maganar barin tambaya babu amsa. Wanda ya gaya masa haka tsohon labari ya ba shi, da can kam ana cire kwatan maki a kan duk amsar da aka canka ba daidai ba, amma College Board, hukumar da ke shirya jarabawar, ta soke wannan tun 2016. Yanzu amsar kuskure da wadda aka bari fayau duk ɗaya suke, kinga kenan duk tambayar da ya tsallake dama ce ya zubar, tunda yawancinsu zaɓi huɗu ne, ko canka ya yi yana iya dacewa.

Toh sai maganar makin. A JAMB mun saba darasi huɗu, kowanne 100, a haɗa 400, shiyasa tunaninmu ke tafiya kan ƙirga daidai nawa kuskure nawa. SAT ɓangare biyu ce, Turanci wato karatu da rubutu, sai lissafi, kowanne daga 200 zuwa 800, jimla daga 400 zuwa 1600. Tambayoyi 98 ne, 54 na Turanci a minti 64, 44 na lissafi a minti 70. Tun 2023 a ƙasashen da ba Amurka ba ta koma kan kwamfuta, a manhajar da ake kira Bluebook, kuma anan ne sirrin abin da ya faru da yaranku yake.

Kowane ɓangare an raba shi gida biyu. A ɗauki lissafi, zai fara da tambaya 22 a minti 35, an cakuɗa masu sauƙi da matsakaita da masu wuya, da ya gama sai kwamfutar ta duba yadda ya yi, in ya yi ƙoƙari ta buɗe masa kashi na biyu mai zafi, in ya yi rauni ta ba shi mai sauƙi-sauƙi. Yara biyu na zaune kusa da juna a ɗaki ɗaya amma bayan minti 35 ba jarabawa ɗaya suke rubutawa ba, kuma allon ba zai gaya musu wanne suka samu ba. Wanda ya faɗa kashi mai sauƙi zai fito yana murmushi wai abin ya zo masa da sauƙi, alhali ko ya cinye duka ba zai kai ƙololuwar 800 ba, shi kuma wanda ya fito yana share gumi ya faɗi biyar ko shida a kashi mai wuya sai ki ga ya ɗara shi, don ana duba nauyin tambayar da mutum ya ci, ba yawanta kawai ba. Ina kyautata zaton abin da ya raba ɗanki da abokinsa kenan, musamman in tambayoyin da ya bari a kashin farko suke. Akwai ma tambaya biyu a kowane kashi da ba a sa musu maki, gwada su ake yi don jarabawar gaba, kuma yaro ba zai gane su ba, toh kinga lissafin da suka yi a bakin get ba zai taɓa fita daidai ba.

Gaskiya Hajiya kar ki bari ya karaya, 1190 ta haura matsakaicin maki, wanda a shekarun nan ke ɗan sama da 1000. Kuma ana sake rubutawa, jami'o'i da yawa, ba duka ba, suna ɗaukar mafi girman makinsa na Turanci daga zama ɗaya da mafi girman na lissafi daga wani zaman su haɗa masa, sai ya shiga shafin kowace jami'a da yake nema ya ga ko tana yin hakan.

Ki ce ya buɗe sakamakonsa ya ga wane ɓangare ne ya ja shi ƙasa, ya yi jarabawar gwaji ta kyauta da ke cikin Bluebook yana kallon agogo, ya natsu sosai a kashin farko, in ya ga saura minti ɗaya ya bi duk tambayar da ta rage ya danna mata amsa.