Kwabo mai huji a karkace: kuskuren bugu ne ko lalacewa?

Tambaya: Malam, na tsinci tsofaffin kuɗi a gwangwanin kakana, akwai anini da kwabo da sisi da sule. Wani kwabo hujinsa ba a tsakiya yake ba. Yana da daraja? In goge su su yi ƙyalli? Kuma yaya zan adana su?

Amsa: Malam, don Allah kada ka goge. Toka, lemon tsami, man goge tagulla, duk suna kankare fuskar ƙarfen, kuma mai saye da ya san harkar yana kallo ɗaya zai gane, ya karya farashin. Wannan duhun da shekaru suka ɗora a kai, shi ake so a gani. In ƙasa ce ta manne, ruwa mai tsabta ya isa, sai ka shanya a kan ƙyalle mai laushi.

Kuɗin nan na zamanin Turawa ne. An fara buga anini da kwabo masu huji a 1907, da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. Aninin farko na alminiyam ne, da aka ga yana saurin lalacewa aka sauya ƙarfen a 1908. An buga su da yawan gaske, shi ya sa tsufa kaɗai ba ya sa su tsada. Ƙarancin abu da lafiyar jikinsa ne ke ɗaga farashi. Ko na 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon mulkin Ingila a Disambar shekarar, ana samunsa ba wuya, sai dai yana da daɗin ajiyewa saboda tarihinsa.

To, batun hujin. Ɗauki madubin ƙara girma ka duba bakinsa. In daga masana'anta ya fito haka, zai kasance zagayayye sumul, faɗinsa daidai da na sauran kwabban, launin cikinsa ɗaya da na jikin. In kuwa ka ga ƙarfe ya tashi a gefe, ko kwabon ya ɗan lanƙwashe, to wani ne ya faɗaɗa shi da ƙusa don ya zura zare, wannan kuma lalacewa ce. Kurakuran gaske da masu tarawa ke nema sun haɗa da bugun da ya kauce daga tsakiya, da rubutu mai ninki biyu, da kwabon da aka manta ba a huda ba. Akwai kuma kwabon 1956 da ya fito da sunan Sarki George na Shida, alhali ya rasu tun 1952. Duba ƙananan haruffan H ko KN ma, alamar masana'antun Birmingham ne da suka buga.

Wajen ajiya, gwangwani shi ne babban abokin gaba, domin suna gogar juna ga tsatsa. Nemi kundin adana sulalla mai aljihu-aljihu, kowanne da ɗakinsa, amma ka guji leda mai laushi irin ta PVC, wadda in zafi ya buge ta take barin wani koren danƙo. Riƙe su ta gefe, don gumin yatsa na barin tabo. Da damina ka jefa 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi.

Duk wanda ya ce zai saye a miliyoyi amma sai ka fara biyan kuɗin gwaji, ɗan damfara ne.