Masu bincike na son ɗaukar hoton littattafan kakanmu, mu yarda?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kakanmu malami ne a cikin birnin Kano, ya rasu ya bar adaka biyu cike da rubuce-rubucen hannu, na Larabci da na ajami. Kwanan nan wasu malaman jami'a suka zo da abokan aikinsu na ƙasar waje, suna neman izinin ɗaukar hotonsu su sa a intanet don amfanin ɗalibai. Baffanmu ya ƙi, ya ce daga hoto sai kwashewa. Mece ce shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Malam, ya kai haske kabarinsa.

Ɗan'uwa, baffanku yana da hujja. Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwa na nan Kano wanda ya rasu a 1962, ya bar rubuce-rubuce fiye da 3,000, yau kuma suna ɗakin karatu na Jami'ar Northwestern a Amurka. Ana kula da su sosai, amma Bakanon da ke son riƙe asalinsu a hannu sai ya nemi biza. Wanda ya san wannan dole ya yi taka-tsantsan.

Sai dai ita ma adakar ba mafaka ba ce. Na taɓa buɗe wata gafaka a wani zaure cikin gari, daga waje lafiya lau, ina ɗaga shafin farko sai gari ya zubo mini a tafin hannu. Gara ta cinye tsakiya, ta bar gefe. Ga laimar damina, ga gobara, ga rabon gado da ke tarwatsa littafi guda zuwa gidaje uku. A Timbuktu kuwa, a 2013, 'yan bindiga ne suka cinna wa dubban littattafai wuta.

Saboda haka ina ganin ku yarda, amma a rubuce, da shaidu. Sharaɗi na farko, takarda ko ɗaya kada ta bar gidanku. Su zo da kyamararsu su yi aikin a zaure, ɗanku na zaune. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Shirin ceto tsofaffin takardu na Ɗakin Karatun Birtaniya, wanda aka fara a 2004, ƙa'idarsa ita ce asali ya tsaya a ƙasarsa, a kuma ajiye kwafi a wata cibiya ta ƙasar. Ku nemi cikakken kwafi naku, manyan hotunan na asali, ba waɗanda aka turo ta WhatsApp ba, don yana matse hoto har wasula su dushe. A ajiye wani kwafin a Jami'ar Bayero ko Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa. Sunan Malam ya fito a kan kowane littafi. Kuma kuna da ikon ware abin da ba na kowa ba ne: laƙani, wasiƙun iyali, takardun bashi da na gado.

Kafin su zo, kada kowa ya ce zai gyara. Ban da salatef, ban da manne takarda cikin leda. Littattafanmu ba ɗinkakku ba ne, warƙa-warƙa suke, kuma kalmar nan da marubuci ke ajiyewa a ƙasan shafi ita ke nuna shafin da ke biye. In aka hargitsa su, haɗawa sai a yi watanni.

Abin da ya fi damuna shi ne ajamin. Hoto ba ya karanta kansa. Kowane malami da yadda yake rubuta ɓ da ɗ da ƙ, kalma guda kuma tana iya ɗaukar karatu biyu, sai wanda ya ji ta daga bakin mai ita ya raba gardama. Waƙar wa'azi ma da karinta aka tsara ta, karin kuwa ba ya kan takarda. In akwai tsohon almajirin Malam da ke raye, ko wata gwaggo da ta haddace waƙoƙin tun tana yarinya, ku sa cikin yarjejeniyar a naɗi muryarsu suna rerawa, shafi da shafi, a biya su ladan lokacinsu, a rubuta sunansu cikin masu aikin. Da wannan ne malamin Islamiyya a Gwale ko Fagge zai buɗe waya, yara su ga rubutun su kuma ji shi. Ku roƙi a koya wa matasa biyu na gidanku ɗaukar hoton da rubuta bayanin kowane littafi, don masu bincike kuɗin aikinsu na ƙarewa su tafi.

Shi kuma baffa, kada ku tsallake shi. Ku kai masa takardar yarjejeniyar da Hausa, a karanta masa, a fara da littafi ɗaya wanda shi ya zaɓa, yana zaune yana kallo har a mayar da shi cikin gafakarsa.